Bakteriya Masu Kai Magani Cikin Ƙarin Daji: Abin da Mai Sayen Magani a Sabon Gari Ya Kamata Ya Sani

Tun shekarar 1891 wani likitan tiyata a birnin New York, William Coley, ya fara yi wa masu ciwon daji allurar ƙwayoyin bakteriya, bayan ya lura cewa wani ƙarin yakan motse idan zazzaɓi mai zafi ya kama majinyaci. Daga baya aka gano cewa tsakiyar ƙari wuri ne mai ƙarancin iskar oksijin, inda garkuwar jiki ba ta da ƙarfi, don haka wasu bakteriya sukan samu mafaka a can su hayayyafa, alhali a sauran sassan jiki ana kashe su.

A kan wannan ɗabi'a masana na Jami'ar Columbia da ke Amurka suka gina aikinsu, inda suka ɗauki wata bakteriyar hanji marar cutarwa, wadda Alfred Nissle ya ware daga jikin wani sojan Jamus a 1917, suka sauya mata ƙwayoyin gado ta yadda za ta riƙa haɗa magani a cikinta, idan kuma ta yi yawa a cikin ƙari sai ta fashe ta zubar da shi a wurin. Sakamakon da suka wallafa a 2019 da 2020 ya nuna ƙari na raguwa, amma a jikin ɓeraye aka gani, kuma tsakanin ɓera da mutum akwai tafiya mai nisa: gwajin da aka wallafa a 2002, wanda aka yi wa masu dajin fata da bakteriyar Salmonella da aka raunana, bai rage ƙarin ko mutum ɗaya ba. Wadda ta samu gindin zama a asibiti ita ce BCG, wato rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, wadda tun 1976 likitoci ke ɗura ta cikin mafitsara ta bututu don maganin dajin mafitsara da bai yi zurfi ba.

Wannan bayani ya shafi mutanen Fagge da ke Kano kai tsaye, domin Sabon Gari da Malam Kato sun daɗe suna zaman cibiyar sarin magunguna a Arewa, har zuwa Fabrairun 2024 da hukumar NAFDAC da hukumar kula da harkar haɗa magunguna suka rufe shaguna fiye da dubu, aka umarci 'yan kasuwar su koma Dangwauro. Duk inda labarin sabon bincike ya ɓulla, 'yan damfara ba sa nisa. Kafson da ake sayarwa da sunan gyara hanji, haka nan yogot da kindirmo, suna ɗauke da bakteriya masu amfani ga narkar da abinci, amma babu wanda aka sauya domin ya kai magani cikin ƙari, kuma duk mai tallar da ya ce hajarsa tana warkar da sankara ya saɓa wa dokar Najeriya, wadda ta hana irin wannan talla.

Hatsarin ya fi tsanani ga majinyacin da ke karɓar maganin daji na asibiti, domin fararen ƙwayoyin jininsa sukan ragu, sai bakteriya mai rai da ba ta cutar da lafiyayye ta iya shiga jininsa ta haddasa mugun zazzaɓi. Ga kuma watannin da ake ɓatawa ana jiran kafso ya yi aiki, alhali kullutun da ya fito a nono ko a wuya yana buƙatar a gutsuri ɗan namansa a auna a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala tun bai bazu ba.