Ɗinki Ba Sai Da Takardar Shaida Ba

A Malam Madori, kamar sauran garuruwan ƙasar Haɗejiya, akwai gidaje da yawa inda yaro ko yarinya suka tsaya a firamare domin kuɗin makaranta ya gagara. Iyaye sukan zauna da zullumi, suna cewa, "To, me yaron nan zai zama?" Gona kuwa ba kullum take rufa asiri ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda ruwa kan cinye wahalar shekara cikin 'yan kwanaki. Saboda haka ya kamata kowane gida ya riƙe sana'ar hannu. Ɗinki yana cikin sana'o'in da ake ƙwarewa a kansu ba tare da shiga aji ba.

Amma teloli iri biyu ne. Akwai wanda sai an kawo masa riga an ce, "Yi mini irin wannan." Akwai kuma wanda zai dubi yadi, ya dubi jikin mai shi, ya fito da fasalin da ba a taɓa gani ba. Na biyun shi ake nema daga nesa. Yaya mutum zai kai can?

Makaranta ta fari ita ce ido. Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta ratsa Malam Madori ta kai Nguru a 1930, garin ya zama matattarar baƙi: Hausawa, Fulani, Barebari da mutanen kudu, kowa da irin suturarsa. Mai son koyo ya riƙa lura a kasuwa da wurin biki. Ina aka sa aljihu? Yaya aka yanka wuya? Me ya sa wannan riga ta zauna, waccan ta rataya kamar buhu?

Ta biyu ita ce tsohuwar riga. A farke ta a hankali, a shimfiɗa kowane ƙyalle a kan takardar buhun siminti, a zana shi, a yanka. Sa'an nan a mayar da rigar yadda take. Wanda ya yi haka sau goma zai gane sirrin hannu da hammata, inda yawancin masu koyo suke faɗuwa. Daga nan sai ya fara sāke fasali: ya faɗaɗa nan, ya rage can, yana gwadawa a kan yadi mai araha. Kada ya fara da atamfar mutane. Turmi mai yadi 6 wataƙila kuɗin buhun hatsi ne, almakashi kuwa ba ya komawa baya.

Ta uku ita ce zama wurin gwani. Ko an iya zane, sai an ga yadda ake gyara keke, da kalmasa, da guga. Pathé Ouédraogo, wanda duniya ta sani da Pathé'O, ɗan ƙauye ne daga Burkina Faso. Ya je Abijan neman abinci, ya shiga shagon tela yana yaron shago. A 1987 ya ci gasar ɗinki ta Almakashin Zinariya, daga baya har Nelson Mandela ya riƙa sa rigunansa. Da koyo akan iya.

Sai dai kada a ce karatu ba shi da amfani. Dole tela ya iya karanta tef, ya san inci 36 ne yadi ɗaya, ya rubuta awon kowa da ranar alkawari a littafi. Wanda bai iya ba, yaron gida mai zuwa makaranta zai koya masa cikin wata guda, ba abin kunya ba ne.

Abu na ƙarshe ya fi keke tsada, wato gaskiya. Gab da Kirsimeti da Salla aiki kan yi yawa, tela ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, yara su wayi gari suna kuka ba sabon kaya. Gara a ce, "Ba zan iya ba," da a karya alkawari. Ragowar ƙyalle kuma na mai yadi ne, a mayar masa.

Iyaye, idan kun ga 'yarku tana ɗinka wa 'yar tsana riga, kada ku tsawata mata. Ku ba ta allura da zare, ku fara zubin adashin keke tun yanzu.