Cibiyar Simmons: Jami'ar da Ta Binciki Tarihin Gidanta

Cibiyar Ruth J. Simmons ta Nazarin Bauta da Adalci tana Jami'ar Brown, a birnin Providence na jihar Rhode Island a Amurka. An buɗe ta a 2012, amma tushenta yana 2003, lokacin da shugabar jami'ar, Ruth Simmons, 'yar zuriyar bayi kuma baƙar fata ta farko da ta riƙe wannan muƙami, ta naɗa kwamiti ya binciko alaƙar makarantar da cinikin bayi.

Rahoton kwamitin ya fito a 2006, kuma bai yi rufa-rufa ba. A 1764, shekarar da aka kafa makarantar, 'yan'uwa huɗu na gidan Brown, zuriyar da jami'ar ta ɗauki sunanta daga baya, sun tura jirgin ruwa mai suna Sally zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Kyaftin ɗin jirgin, Esek Hopkins, ya sayi mutum 196. Aƙalla 109 suka mutu: wasu cuta da yunwa suka kashe su, wasu aka harbe su da suka yi bore a cikin jirgin, wasu suka hallaka kansu. Daga baya Moses Brown ya 'yanta bayinsa ya shiga yaƙi da bauta, ɗan'uwansa John kuwa ya ci gaba da kare cinikin. Har ginin farko na jami'ar, wanda aka soma a 1770, akwai gumin bayi a cikinsa.

A kan wannan tarihi aka ɗora aikin cibiyar, ƙarƙashin daraktanta na farko, Anthony Bogues, masani ɗan Jamaika. Manufarta ita ce nuna yadda bauta ta gina dukiya da dokokin duniyar yau, da yadda tabonta bai goge ba. Shi ya sa masu bincikenta ba su tsaya ga tsofaffin takardu kaɗai ba. Suna nazarin yawan baƙaƙen fata a gidajen yarin Amurka, da safarar mutane, da wariyar launin fata a harkar lafiya. Cibiyar tana kuma shirya nune-nune da darussa domin ɗaliban sakandare, abin da ya dace ƙwarai, tunda ilimin da aka kulle a ɗakin taro ba ya isa ga masu haƙƙi.

A 2014 aka kafa abin tunawa kusa da tsohon ginin, aikin Martin Puryear: dunƙulen ƙarfe da rabinsa ke binne a ƙasa, da tsinkakkiyar sarƙa a samansa. An raɗa wa cibiyar sunan Simmons a 2023.