Amfani Da Na'urar Numfashi Bayan Tiyatar Magudanar Hawaye: Abin Da Ya Kamata Majinyaci Ya Sani

Masu fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci, waɗanda ke kwana da na'urar CPAP, na bukatar shiri na musamman idan za a yi musu tiyatar buɗe magudanar hawaye.

Hawaye kan bi ta wasu ƙananan ƙofofi da ke kusurwar ido ta wajen hanci, su taru a wata 'yar jaka, sannan su gangara cikin hanci. Idan hanyar ta toshe, ido kan yi ta zubar da hawaye da kwantsa. A tiyatar da ake kira DCR, wadda likitan Italiya Addeo Toti ya bayyana a shekarar 1904, ana huda ƙashi a buɗe sabuwar ƙofa daga jakar zuwa cikin hanci.

Ita kuwa CPAP, wadda Farfesa Colin Sullivan na ƙasar Ostareliya ya gabatar a shekarar 1981, tana tura iska ta hanci domin hana maƙogwaro rufewa yayin barci.

A nan ne matsalar take. Magudanar asali tana da wani siririn marfi a ƙarshenta da ke hana iska komawa sama, sabuwar ƙofar kuwa ta kauce masa. Saboda haka iskar na'urar na iya bi ta ƙofar ta fito ta kusurwar ido, ta haddasa bushewar ido, ja da raɗaɗi. A kwanakin farko, kafin rauni ya warke, iskar na iya shiga ƙarƙashin fata ta kumbura fatar ido, ko ta tayar da zubar jini. Dalilin da ya sa ke nan ake hana majinyaci fyace hanci bayan tiyatar.

Sai dai ajiye na'urar ba tare da shawarar likita ba yana da nasa haɗarin, domin cutar na da alaƙa da hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da gyangyaɗi a kan sitiyari.

Don haka ya kamata majinyaci ya sanar da likitan ido da mai ba da maganin sa barci tun kafin ranar tiyata. Likitan ne zai ƙayyade tsawon lokacin da za a dakata da na'urar. A tsakanin haka, kwanciya ta gefe da ɗaga kai da matashi na taimakawa.

Idan an koma ga na'urar kuma iska na fita ta ido, likita na iya rage ƙarfin iskar, ko ya sauya abin rufe hancin da wanda ke rufe fuska har da idanu, ko ya rubuta man ido na shafawa da dare.

Wanda ya ga kumburi, zubar jini ko raguwar gani, ya gaggauta komawa asibiti.