Kifi da Launin Gidansa

Masu ajiye kifi a akwatin gilashi don ƙawa, da masu sayar da shi, ku kasa kunne. Sau da yawa mutum yakan sayi kifi ja wur, ya shimfiɗa masa farin yashi, bayan 'yan makonni ya ga ya koɗe, sai ya ce an cuce shi. Ba wanda ya cuce shi. A fatar kifi akwai 'yan ƙwayoyin launi waɗanda ke bazuwa in yana bisa wuri mai duhu, su tsuke in yana bisa fari. Watau dabararsa ce ta ɓuya ga tsuntsaye. Ko tarwada, in ta kwana a farin daro, sai ka ga ta yi haske.

Saboda haka kifi ja ko rawaya a zuba masa baƙar tsakuwa. Baƙin kifi kuwa yakan ɓace bisa baƙi, sai a ba shi yashin rafi ruwan ƙasa. A wanke yashin sarai tukuna, kaurin inci 2 ya isa. Bayan akwatin kuma a shafa masa fenti baƙi ko shuɗi, amma ta waje, gama fenti cikin ruwa yana iya kashe kifi.