Togo: Yadda ƙyallen tela zai iya zama kayan ɗakin 'yartsana a Sokode da Dapaong

Duk wanda ya ratsa unguwar Zongo ko Didawure a birnin Sokode ana saura mako guda Sallah, zai tarar da ƙyallaye sun taru a ƙarƙashin kekunan teloli: guntayen atamfa, shadda, leshi, wani lokaci har da saƙi. Mafi yawansu a bola suke ƙarewa, ko a cinna musu wuta. Kaɗan ne 'yan mata ƙanana kan zo su tsinta domin yi wa 'yartsana zane da ɗankwali. Haka abin yake a Dapaong, babban birnin yankin Savanes da ke can arewa kusa da iyakar Burkina Faso.

Yarinyar da ta yi wa 'yartsanarta zane ba a nan take tsayawa ba. Sai ta nemi gado, ta nemi kujera da matashi, domin a wasan 'yan matan Hausa da maƙwabtansu 'yartsana amarya ce, ana yi mata biki, ana kai ta ɗaki, ana yi mata jere. A da da karan dawa da yumɓu ake haɗa waɗannan kaya. Yanzu ko dai a saya na roba a kasuwa, sababbi daga Sin ko na gwanjo, ko yarinya ta haɗa da gwangwanin tumatir da na kifi. Kowanne da matsalarsa. Na roba yana karyewa ya bar baki mai kaifi, gwangwani yana yanka yatsa yana kuma tsatsa. Sannan dukkansu suna cin wuri, a gidajen haya inda uwa da 'ya'ya huɗu ko biyar ke kwana ɗaki ɗaya, kuma abin da aka bari a ƙasa da dare ƙafar wani ce za ta taka shi.

Abin da ake nema shi ne kayan da ba su da kaifi, suna wankuwa, kuma idan an tashi daga wasa za su naɗe su shige jaka guda a rataye su a ƙusa. Tunanin ba sabo ba ne. Gidan farko da kamfanin Mattel na Amurka ya fitar wa 'yartsanar Barbie a 1962 da kwali aka yi shi, har da gado da kujerunsa, kuma yana naɗewa ya koma kamar akwatin hannu. Sai dai kwali zalla ba zai yi ƙarko a Sokode ba, inda damina ke ɗaukar kusan wata bakwai daga Afrilu zuwa Oktoba, ga danshi ga gara. A Dapaong kuwa ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba. Shi ya sa yadi ya fi dacewa da garuruwan biyu.

Awo ya fara zuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanka yadi da ido. 'Yartsanar roba mai siffar budurwa da ta cika kasuwanni tsawonta kusan santimita 30 ne, wato kashi ɗaya cikin shida na tsawon babban mutum. Saboda haka lissafin mai sauƙi ne: a auna kayan gaske, a raba gida shida. Gado mai tsawon santimita 190 da faɗin 90 zai koma kimanin 32 da 15. Kujerar da mazauninta ya kai 45 daga ƙasa za ta koma 7 da rabi. Tebur mai tsayin 75 zai koma 12 da rabi. Idan ana son katifa ta fito 32 da 15, sai a yanka ƙyalle biyu masu 34 da 17, domin ɗinki zai ci santimita ɗaya a kowane gefe.

Wannan lissafi ba ya aiki a kan 'yartsana mai siffar jariri, saboda kanta babba ne ƙafafunta gajeru, haka ma wadda aka ɗinka a gida. A nan sai a kwantar da ita a kan takarda a zana, a ƙara yatsa biyu a kai da ƙafa. Tela ba ya ɗinka wa mutum riga bai auna shi ba, 'yartsana ma haka.

Wahalar aikin tana wajen sa abu mai laushi ya tsaya da kansa, kuma ya kwanta idan an so. Hanya mafi sauƙi ita ce ta katifa mai ninki. A yanka soso gida uku, a sa su cikin riga ɗaya ta yadi, a bi da ɗinki tsakanin kowane biyu, a bar ɗan fili kamar rabin santimita. Wannan fili shi ne gaɓar da ke lanƙwasawa. Idan an shimfiɗa, gado ne. Idan an ninka biyu aka ɗaga na ukun, ya zama kushin mai majingina. Abu ɗaya ya yi aikin biyu ke nan, kuma guntayen soso ba sa wuyar samu wajen masu yin katifa da kujeru da masu gyaran sirdin babur.

Hanya ta biyu ita ce ta aljihu. Ana ɗinka bangon gado ko na kabad da yadi riɓi biyu, a bar baki ɗaya a buɗe, a zura kwali a ciki. Ranar wanki sai a zare kwalin, idan gara ta ci ko ruwa ya jiƙa shi a yanko wani. Kusurwoyi ana haɗa su da maɗaurin nan mai mannewa irin na takalmin yara, yadda da an ɓalle shi komai zai baje kamar faranti.

Amma dabarar da ta fi dacewa da ƙaramin ɗaki ita ce jakar ta zama ɗakin da kanta. Ƙyalle mai kauri, misali santimita 40 da 40, shi ne daɓe. A gefuna uku a ɗinka bango mai kwali a ciki, a zana taga da labule a jikinsa. A bar gefe na huɗu a buɗe domin hannun yarinya. In an gama wasa, a tattara gado da kujera da 'yartsanar a tsakiya, a kifo bangayen a kansu, a ja zif, a rataye. Ratayewar na da muhimmanci, domin abin da ya kwana a ƙasa cikin lungu kan zama maɓoyar kyankyaso, a wasu unguwannin har da kunama.

Abin da ake cusawa ciki

Yankunan biyu ba su rasa abin cushe ba. Ana noman auduga sosai a arewacin Togo, kuma kamfanin auduga na ƙasa, NSCT, yana da masana'antar gurza a Dapaong. Akwai kuma audugar rimi, wadda a zamanin mulkin mallaka har fitar da ita ake yi daga yankin Sokode zuwa Turai. Audugar rimi ba ta da nauyi kuma ba ta shan ruwa da sauri, amma tana kama wuta nan take, kuma idan ɗinki ya farke sai ta tashi sama yaro ya shaƙa. Audugar gona kuwa tana dunƙulewa bayan wanki, tana kuma daɗewa ba ta bushe ba, har ta yi fumfuna da damina. Ga ƙananan abubuwa irin matashi, ƙyallen da aka yayyanka ƙanana, an wanke shi an shanya, ya fi su duka rufin asiri. Soso ma yana cin wuta da baƙin hayaƙi, don haka kusa da murhu ko maganin sauro mai hayaƙi ba wurin wannan wasa ba ne.

Akwai abubuwa biyu da bai kamata su shiga aikin ba ko da kyauta aka samu. Na farko jarka ko buhun da ya taɓa ɗaukar maganin feshin auduga, taki ko fetur. Robar jarka tana da kyau wajen ƙarfafa bango, shi ya sa take jan hankali, amma wanki ba ya tabbatar da cewa gubar ta fita, kuma yaro baki yake kai komai. Na biyu gidan sauron da ake rabawa. Tun 2004 Togo ta fara rabon gidajen sauro a faɗin ƙasa, kuma yarinyar da ta saba kwana a ciki za ta so 'yartsanarta ma ta samu. Gidan sauron yana ɗauke da maganin kashe ƙwari a jikin zarensa, sai a yi na 'yartsana da tsohon mayafi mai shara-shara.

Ƙanin da ke rarrafe a gefe

Mai kayan tana iya zama 'yar shekara shida, amma sau da yawa ita ce mai rainon ƙaninta, yana goye a bayanta ko yana rarrafe kusa da ita. Saboda haka da shi ya kamata a auna hatsari. Ƙa'idojin kayan wasa na Turai da Amurka suna amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7: duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa mai iya maƙale wa yaron da bai kai shekara uku ba a maƙogwaro. Faɗin ya ɗan ɗara murfin gorar ruwa kaɗan. Tela na iya naɗe kwali daidai wannan faɗi ya ajiye kusa da kekensa. Maɓalli, duwatsun ado, tsakiya da ƙananan tsabar ƙyalli da ake manna wa leshi duk sun faɗi wannan jarrabawa. Duk adon da ake so a yi shi da zare. Matashin 'yartsana ma gara a ɗinke shi a jikin katifa, ba zai ɓata ba kuma ba zai shiga baki ba.

Igiya ita ce hatsari na biyu. A ƙa'idar Turai santimita 22 ne iyakar igiyar da za ta iya harɗewa a kayan wasan jarirai ƙanana. Jakar da ake tsuke bakinta da dogon zare tana da arha, amma zif da gajeren hannu sun fi ta aminci. Batun launi kuwa, a jiƙa farin ƙyalle a goga: idan ya ɗauko rini, sai a wanke yadin har ya daina zuba ko a canza shi. Kada a ɗauka cewa kayan kamfani sun tsira daga wannan. A watan Satumban 2007 Mattel ya janye kimanin kayan wasan Barbie 675,000 daga kasuwar Amurka, cikinsu har da ƙananan kujeru da tebura, saboda dalma a fentinsu. Wanda ya zo cikin dilar gwanjo ba kwali ba takarda, babu mai sanin ko yana cikin irin waɗannan.

Ɗakin wa ake kwaikwayo?

A nan ne masu ɗinki kan yi asarar abin da suka fi kowa. Idan aka kwafo kujerun falon Turawa daga hoton waya, za a yi gogayya da na roba a fagen da ya fi ƙarfi, wato arha. Abin da masana'antar Sin ba ta kawowa shi ne ɗakin da yarinyar ta sani: tabarma, kujera 'yar tsugunno, sallaya, labulen ƙofa, tulu, da kabad ɗin jere inda amarya ke shirya kwanoni. Sokode gari ne na masaƙa, akwai cibiyar saƙa ta ƙasa, CENATIS, a can, ga kuma masaƙan Bafilo a kan hanyar Kara. Ƙwarya ɗaya ta saƙin gargajiya mai faɗin tafin hannu ta isa shimfiɗar gadon 'yartsana ba tare da an yanka gefenta ba.

Wasu iyaye Musulmi suna ƙyamar 'yartsana mai cikakkiyar fuska, ko da yake malamai da dama sun yi sauƙi ga 'yan mata bisa ruwayar cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yartsana. Kayan ɗaki dai babu wannan taƙaddama a kansu. A Dapaong kuma akwai abin da baƙo ke iya ruɗewa a kai: gumakan itace na Moba da ake kira tchitcheri na bagadin kakanni ne, ba kayan wasan yara ba, kuma bai dace a kwaikwaye su a saka cikin jakar wasa ba.

An sanya yankin Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yunin 2022, kuma dubban iyalai, 'yan gudun hijira daga Burkina Faso da waɗanda suka baro ƙauyukan kan iyaka, suna zaune a gidajen 'yan uwa da na haya a Dapaong da kewaye. Iyalin da ke iya sake ƙaura ba ya ɗaukar gadon 'yartsana na katako, amma jakar da kaurinta bai wuce na littafi biyu ba tana shiga cikin ƙullin kaya. Wuraren wasan yara da ƙungiyoyin agaji ke buɗewa, da makarantun rainon yara, suna buƙatar irin wannan: abin da yara da yawa za su taɓa, a wanke, a kulle cikin akwati da yamma.

Ga masu koyon ɗinki kuwa, waɗanda kan shafe kusan shekara uku a shagon maigida ko uwargida kafin jarrabawar kammala koyon sana'a ta CFA, aikin horo ne mai kyau. Madaidaicin layi, kusurwa, sa zif da juya ɗinki duk suna ciki, kuma in an ɓata ƙyalle ne aka ɓata, ba turmin atamfar wata ba. Babu wanda zai yi arziki da shi, domin lokacin da yake ci ya fi abin da yawancin iyaye za su iya biya. Amma bayan Sallah da Kirsimeti shaguna kan yi sanyi, a daidai lokacin da ƙyalle ya fi yawa. Abin da ake buƙata kawai a ware buhu guda tun ana tsakiyar ɗinkin Sallah, a riƙa jefa duk guntun da ya kai tafin hannu a ciki kafin tsintsiya ta iso.