Elton John da Billy Joel: Wanda Ya Faro Daga Baiti da Wanda Ya Faro Daga Kiɗa

A shekarar 1967 wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Reginald Dwight ya je ofishin kamfanin Liberty a Landan neman aiki, bayan ya ga talla a jaridar New Musical Express. Bai ɓoye musu komai ba: ya iya kaɗa fiyano, ya iya rerawa, amma bai iya tsara baiti ba. Bai ci gwajin ba. Kafin ya fita, mutumin da ya gana da shi, Ray Williams, ya miƙa masa ambulan ɗauke da rubutattun waƙoƙin wani yaro ɗan ƙauye daga Lincolnshire, Bernie Taupin, wanda shi kuma ya iya rubutu bai iya kiɗa ba. Wannan saurayin shi ne duniya ta sani daga baya da suna Elton John, kuma haɗin da aka yi ranar nan ya haura shekara 50 bai warware ba.

Shekara biyar bayan haka, a Los Angeles, wani saurayin yana zaune a bakin fiyano cikin wata mashaya da ake kira Executive Room, yana kiɗa da sunan aro, Bill Martin. Gudun wata mummunar yarjejeniya da ya sa wa hannu ne ya kai shi can. Kundinsa na farko, Cold Spring Harbor na 1971, an lalata shi wajen haɗawa, an ƙara masa sauri har muryarsa ta koma kamar ta yaro. Wata shida ya yi yana kallon mutanen da ke shigowa kullum dare, yana jin ƙorafinsu. Da ya bar wurin sai ya zuba su cikin waƙa guda, "Piano Man", wadda ta fito a 1973. Shi ne Billy Joel.

An daɗe ana jera su tare, kuma da dalili. Tsiransu shekara biyu kacal: Elton a 1947 a Pinner, bayan garin Landan, Billy a 1949 a Bronx ta New York, ya tashi a Hicksville. Dukkansu tun suna ƙanana aka zaunar da su gaban fiyano, dukkansu sun tashi ba su ji ɗumin uba ba, dukkansu sun yi kiɗa a mashaya kafin a san su. Daga 1994 zuwa 2010 sun sha yin rangadi tare, fiyano biyu suna fuskantar juna a kan dandamali, wannan ya rera waƙar wancan. Amma duk wanda ya zauna ya saurare su da kunnen basira zai gane cewa hanyar da kowanne ke bi ya isa ga waƙa kishiyar ta ɗan'uwansa ce.

Elton daga kalma yake farawa. Taupin zai rubuta baitocinsa shi kaɗai ya miƙo, Elton ya ɗora takardar a kan fiyano, ya karanta, hannunsa ya shiga nema. Sau da yawa kafin awa guda ta cika waƙa ta tashi. Ba sa zama ɗaki ɗaya su tsara. Baitocin "Your Song" a teburin karin kumallo aka rubuta su, a gidan mahaifiyar Elton, shi kuma ya sa musu kiɗa nan take. Billy kuwa kiɗan ne ke fara zuwa masa. Sai ya gama gina karin waƙar tsaf, da hawanta da saukarta, sannan ya shiga farautar kalmomin da za su zauna a kai, aikin da ya sha faɗa cewa shi ne mafi wuya a gare shi.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne yadda sakamakon ya juye. Wanda ya faro daga baiti, da kiɗansa ake tunawa da shi. Wanda ya faro daga kiɗa, maganarsa ce ke zama a zuciya.

Ni Elton na fara sani, kamar yawancin tsararrakina. Wajajen 1990 waƙarsa "Sacrifice" ba ta barin rediyo da daddare, kuma muna da ita a kaset ɗin da muka yi ta juyawa har zarensa ya fara ja. Turancinmu a lokacin bai kai mu tsinci abin da yake faɗa ba, amma mun ji nauyin abin. Sai bayan shekaru na fahimci cewa waƙar aure ce da ke rushewa, miji da mata a gida ɗaya kowa ya kama gabansa. Da na gane hakan ban ji an ƙara mini wani sabon abu ba, domin kiɗan ya riga ya gaya mini akwai ciwo a wurin. Wannan ita ce baiwar Elton. Karin waƙarsa yana tsallake harshe ya isa ga mutum.

Ina ganin dalilin yana cikin hanyar aikin nasa. Baitocin Taupin ba a auna su da wani kiɗa ba, wani layin dogo, wani gajere, wani lokacin ma ma'anar a dunƙule take. Elton da Taupin sun amsa cewa ba su san takamaiman abin da "Take Me to the Pilot" ke nufi ba. To mai kiɗan da aka ba irin wannan rubutu dole ya lanƙwasa karinsa ya bi kalma duk inda ta nufa, kuma dole kiɗan ya ɗauki nauyin da ma'ana ta kasa ɗauka. Saurari "Tiny Dancer" ta 1971. Fiye da minti biyu yana jan ka a hankali, fiyano na tafiya kamar ruwa a kwari, kana jiran amshi bai zo ba, har sai ka fara zaton babu shi. Sa'annan ya buɗe murya, waƙar ta ɗaga sama gaba ɗaya. Mawaƙin da ke lissafin abin da rediyo ke so ba zai yi wannan jinkirin ba. Ko "Bennie and the Jets", inda yake dukan fiyano da nauyi, bugu ɗaya ɗaya kamar mai sara da gatari. Gidajen rediyon baƙaƙen fata na Detroit ne suka fara rungumar ta, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1974. A hannunsa ana jin kiɗan cocin baƙaƙen Amurka da na Little Richard, duk da cewa tun yana ɗan shekara 11 ya samu gurbin karatu a Royal Academy of Music.

Tsakanin 1972 da 1975 kundayensa bakwai a jere suka hau matsayi na ɗaya a Amurka. Goodbye Yellow Brick Road na 1973 waƙa 17 ne, kuma cikin 'yan kwanaki ya sa wa yawancinsu kiɗa. Irin wannan ambaliya ba ta zuwa wa mutum sau biyu.

Billy Joel sai da na girma na san darajarsa, domin shi sai ka ji abin da yake cewa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar karin wata waƙa ya ce zai zuba mata sababbin baitoci ya san wahalar: gurbin kowace gaɓa a ƙayyade yake, kalmar da ta fi gurbinta tsawo ba ta shiga, wadda ta gaza kuma ta bar rami. Wannan matsin ne ya sa Billy ba ya ɓarnar kalma. Cikin layi biyu zai tsayar maka da mutum, da sana'arsa, da abin da ya so ya zama bai zama ba. A "Piano Man" akwai tsohon da ke neman a kaɗa masa waƙar ƙuruciyarsa, akwai mai sayar da abin sha da ke mafarkin zama ɗan fim, akwai sojan ruwan da ba shi da ranar barin aiki. Mai fiyanon yana tsakiyarsu, shi ma a maƙale yake kamar su. "Scenes from an Italian Restaurant", daga kundin The Stranger na 1977, ta haura minti bakwai, kuma labari ne cikakke na saurayi da budurwar da duk makaranta ke sha'awa, suka yi aure da wuri, kuɗi ya gaza, aka rabu. Bai zage su ba, bai kuma yi musu kuka ba. Ya faɗi yadda abin ya faru, kiɗan yana sauya taki sau uku kamar yadda hira ke sauyawa tsakanin tsofaffin abokai.

Wadda ta fi kama ni ita ce "Allentown" ta 1982. Da ƙarar usur na masana'anta take buɗewa, sannan a ji wani bugu kamar na ƙarfe a kan ƙarfe yana bin waƙar har ƙarshe. Maganar garuruwan ƙarfe na jihar Pennsylvania ce, inda iyaye suka dawo daga yaƙin duniya na biyu suka samu aiki, suka gaya wa 'ya'yansu cewa in sun yi karatu sun yi biyayya su ma za su samu, sai 'ya'yan suka taso masana'antun na rufewa. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya kuma ga yadda unguwar ta koma bayan an kashe injuna, ba ya bukatar a fassara masa wannan waƙa. A kundi ɗaya da ita, The Nylon Curtain, akwai "Goodnight Saigon", da bakin ƙananan sojojin da aka tura Biyetnam. A 1989 kuma ya yi "The Downeaster Alexa" da bakin masuncin Long Island wanda kifi ya ƙare masa, bashi ya yi masa katutu. Elton yana da waƙoƙin tausayi, amma ba shi da wannan idon na ganin talaka a bakin aikinsa.

Hannun Billy a fiyano ma daban yake. Mahaifinsa, Bayahuden da danginsa suka tsere wa 'yan Nazi daga Nuremberg, makaɗin fiyano ne na gargajiyar Turai, kuma ɗan ya gaji wannan kunnen. Amshin waƙarsa "This Night" daga Beethoven ya ɗauko shi, ya kuma rubuta sunan Beethoven a jikin faifan. Gininsa a tsare yake, kowane sashe ya san inda zai sauka.

Kowannensu yana da inda ya gaza. Sauƙin da waƙa ke zo wa Elton ya sa bai iya tsayawa ba. Ya fitar da kundaye sama da 30, kuma a cikinsu akwai irin Victim of Love na 1979, wanda bai tsara ko waƙa ɗaya a ciki ba, bai kuma taɓa fiyano ba, da Leather Jackets na 1986 da shi kansa ya ce bai yi wanda ya kai shi muni ba. Shekarun shaye-shaye ne, kafin ya shiga asibiti a Chicago a 1990 ya rabu da abin. Billy kuma yakan cika kwaikwayon salon wasu, wani lokacin ya koma mai wa'azi da ɗaga murya. "We Didn't Start the Fire", jerin sunaye da abubuwan da suka faru daga 1949 zuwa 1989, ta hau matsayi na ɗaya, amma karinta a bushe yake, shi ma ya amsa haka. Abin lura, tana cikin 'yan waƙoƙin da ya fara rubuta kalmominsu kafin kiɗa. Da ya bi hanyar Elton sai ƙafarsa ta zame.

Sai maganar tsayawa. A 1993, yana ɗan shekara 44, Billy ya fitar da River of Dreams, kundinsa na 12, ya rufe shi da waƙar ban kwana, ya ajiye alƙalami. Ban da kundin kiɗan fiyano zalla na 2001 da 'yan waƙoƙi ƙalilan, ciki har da "Turn the Lights Back On" ta 2024, bai koma ba. Elton ya sha yi masa faɗa a bainar jama'a kan haka. Ni ina ganin mutumin da kowace kalma ke fita daga jikinsa yana da haƙƙin ya ce ya gama. Bai daina wasa ba kuwa: daga Janairun 2014 zuwa Yulin 2024 kusan kowane wata yana cika zauren Madison Square Garden, inda ya kammala da wasansa na 150 a wurin. A lokacin ba ya sayar da kujerun sahun gaba. Ma'aikatansa yake aikawa can ƙarshen zaure su kwaso masu tikitin araha su zaunar da su a gabansa.

Elton da ya ci gaba, duniya ta amfana. Ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar ƙanjamau a 1992. Ya yi waƙoƙin fim ɗin The Lion King a 1994 tare da Tim Rice. Ranar 6 ga Satumba 1997 ya zauna shi kaɗai da fiyano a cocin Westminster wajen jana'izar Gimbiya Diana, ya rera "Candle in the Wind" da sababbin baitocin Taupin, faifan kuma ya sayu kwafi miliyan 33 aka ba da kuɗin sadaka. Ya rufe rangadinsa na ban kwana a Stockholm a Yulin 2023.

In aka ce in zaɓi makaɗi, Elton zan nuna ba tare da jinkiri ba. Karin waƙa irin nasa na 1970 zuwa 1975 Billy bai kai can ba. Amma rabin yawancin waƙoƙin Elton na Bernie Taupin ne, kuma adalci ne a riƙa ambaton sunansa. In aka ce mawaƙin da ya tsara abinsa da kansa, kiɗa da magana, ya kalli mutanen garinsu ya faɗi halin da suke ciki, Billy Joel ne, kuma shi nake komawa gare shi yanzu fiye da kowa. Mai karatu da ya san Elton kaɗai, ya nemi The Stranger da The Nylon Curtain, ya samo rubutattun baitocin ya riƙe a hannu, ya saurare su daga farko har ƙarshe.