Lissafin Da Ake Tsallakewa Kafin Jirgin Wasa Ya Tashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili da yamma yana kallon ƙaramin jirgin sama ko motar tsere da ake sarrafawa da na'urar rediyo daga nesa, zai ɗauka cewa asarar masu wannan sha'awa ba ta wuce faɗuwar jirgi ba. Alhali kuwa babbar asara a kan tebur take aukuwa, wurin cajin batir, kuma wani lokaci har da ɗakin take tafiya.

Batirin da ya mamaye wannan fage shi ne LiPo, wanda gidansu ɗaya da batirin lithium da kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Ƙwayoyi ne ake jerawa a cikinsa, kowace tana da ƙarfin lantarki na bolt 3.7, tana cika a 4.2, idan kuma aka zuƙe ta ƙasa da 3.0 sai ta fara lalacewa. Idan aka ɗura mata fiye da 4.2 sai ta kumbura, daga nan kuma tana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Shi ya sa kowane batir mai ƙwaya biyu zuwa sama yake da wata ƙaramar wayar daidaito, wadda caja ke bi ta duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Mai gaggawa yakan bar ta tana reto. Wannan ganganci ne.

Wani ruɗanin kuma daga bakinmu yake, domin kalmar "caja" ta haɗiye abubuwa biyu. Akwai cajar kanta mai auna abin da batir zai sha, akwai kuma akwatin da ke mayar da wutar bango ta koma irin wadda cajar ke karɓa. Da yawa daga cajojin wannan fage ba a jona su da bango kai tsaye. Sanannen iMAX B6, alal misali, yana karɓar bolt 11 zuwa 18 ne, kuma iyakar ƙarfinsa wat 50. Jabunsa ma sun cika kasuwa.

To, ga lissafin da ake gudu. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce batir mai mAh 5000 a ba shi amfiya 5, mai 2200 kuma amfiya 2.2. Idan mai 5000 ɗin ƙwaya 6 gare shi, zai cika a bolt 25.2, a ninka wannan da 5, an sami wat 126. Caja mai wat 50 ba za ta ba shi fiye da kimanin amfiya 2 ba, ko me aka danna mata. Akwatin wutar kuma dole ya zarce bukatar cajar, domin wani kaso yana salwanta ya zama zafi, saboda haka wat 150 zuwa sama ya kamata a nema. Wasu kan ɗauko tsohon akwatin wutar manyan kwamfutoci mai bolt 12, kuma dabara ce mai kyau. Amma haɗa guda biyu don a sami 24 aikin masani ne, domin sai an raba wayar ƙasan ɗaya da gangar jikinsa, in ba haka ba tartsatsi ne zai biyo baya.

A ra'ayina, mu da zafin Afrilu kan haura digiri 40 a garuruwanmu mun fi kowa bukatar kiyayewa. Batirin da ya sauko daga jirgi da zafinsa a bar shi ya huce tukuna. A yi caji a kan siminti, nesa da katifa da jarkar fetur ɗin janareta, kuma mutum yana zaune a wurin. Wanda ba za a yi aiki da shi ba cikin 'yan kwanaki, a sauke kowace ƙwaya zuwa kimanin 3.8 kafin a ajiye. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki, ko nawa aka saye shi.